Filin Masu Hoto: Dakata, Kar Ka Sayar da Kyamarar Tukuna

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonninku sun taru da yawa wannan karon, kuma mafi yawansu kuka ɗaya ne, kyamarata ta gaza, wacce zan saya. Na tsamo waɗanda nake ganin amsarsu za ta amfani kowa, sauran a yi min uzuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Tambaya: Salam Malam, dan Allah shawara nake nema, ina ɗaukar hoton biki da suna da Canon 600D da lensin da ya zo da ita 18-55, da rana a waje hoto na fita tas amma da an shiga hol wajen dina ko kamu da dare sai ya yi duhu ko dishi-dishi, in na ƙara ISO kuma duk ya cika da yashi-yashi, abokaina sun ce megafiksel ɗinta ne ya yi kaɗan in sayar in nemi mai 24, ya ka gani? (Wani matashi daga Jekadafari, Gombe)

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka sayar. Abokan naka alheri suke nufi amma ba nan gizo ke saƙar ba. Kyamararka megafiksel 18 gare ta, hotonta ɗigo 5184 ne a kwance 3456 a tsaye, in aka wanke shi da ɗigo 300 a kowane inci, wanda shi ne ma'aunin masu buga mujalla, zai kai inci 17 da 11 har da ɗoriya. Albom ɗin biki nawa ne ya wuce haka? Ballantana ma yawancin aikinmu a WhatsApp yake ƙarewa, shi kuma matse hoto yake yi ya zubar da rabin abin da ka sha wahala a kai.

Ciwonka haske ne ba ya isa sensa, wato ɗan faifan da ke cikin kyamara mai karɓar haske ya mayar da shi hoto. Duba bakin lensinka za ka ga an rubuta 1:3.5-5.6, wato in kana kan 18 iyakar buɗewar ƙofar haskensa f/3.5 ne, da ka jawo zum zuwa 55 sai ta tsuke ta koma f/5.6. Ita wannan lamba ana samunta ne in an raba tsawon lensi da faɗin ƙofar, shi ya sa ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. A 55 ɗin nan ƙofarka ba ta wuce milimita 10 ba, alhali lensi mai 50mm f/1.8 tasa ta kai wajen milimita 28, hasken da yake shigarwa kusan ninki goma ne. Kaga inda kyamara ke tilasta maka shota, wato tsawon lokacin da take barin haske ya shiga, ta 1/15 na daƙiƙa hannu ya girgiza amarya ta motsa komai ya dame, da wancan lensin za ka samu wajen 1/125, ko kuma ISO, wato ƙarfin da ake ƙara wa sensa in haske ya yi kaɗan, ya sauko daga 3200 ɗin da ke kawo maka yashi zuwa 400. Ɗaki ne mai ƙaramar taga, ko kujerun miliyan ka zuba a ciki duhun na nan sai an faɗaɗa tagar. Kuma 50mm f/1.8 na cikin lensuna mafi araha da Canon ke yi, ka nemi wanda aka rubuta STM a jikinsa, ya fi tsohon shiru da ƙwari.

Sai dai in gaya maka gaskiya tun kafin ka kashe kuɗi. Sensar 600D ƙarama ce, milimita 22.3 da 14.9, ba irin babbar sensar da ake kira ful-firem mai 36 da 24 ba, don haka duk lensin da ka ɗaura sai ka ninka lambarsa da 1.6 kafin ka san faɗin abin da zai gani. Hamsin ɗin zai yi maka kamar 80. Wajen hoton fuskar amarya ko ango da abokinsa ba ka da kamarsa, baya ya narke mutum ya fito shi kaɗai, amma a tsakar gidan da mata suka cika wajen kamu za ka yi ta ja da baya har ka jingina da bango ba ka kwashe mutum huɗu ba. In irin wannan aikin ya fi yi maka yawa to ka duba Sigma 17-50mm f/2.8, shi ƙofarsa ba ta tsukewa in an jawo zum, ko ɗan siririn Canon 24mm f/2.8 wanda zai ba ka kamar 38.

Kuma dan Allah in ka samu f/1.8 kar ka manne a kai. Na sha ganin hoton dangi sahu uku an ɗauka a f/1.8, na gaba sun fito rangaɗau, iyayen da ke baya kuwa ba a gane su, kuma su ne za a fi neman hotonsu nan gaba. Hoton taro ka koma f/4 ko f/5.6 ka kunna filasha ta waje, ka harba ta silin in fari ne hasken ya dawo da laushi, in silin ɗin ya yi nisa ko mai kala ne ka maƙala mata farin kati. Lensi da filasha su biyun ba za su kai kuɗin sabuwar kyamara ba.

Tambaya: Oga barka da aiki, na sayi kyamara ta hannu da aka kawo daga Amurka ina bidiyo da ita, to in ina ɗauka a ƙarƙashin ƙwan lantarki sai hoto ya riƙa ƙyaftawa wani lokacin ma wasu layuka baƙaƙe su riƙa saukowa, an kai wajen gyara sun ce sensa ce ta fara mutuwa, gaskiya ne? (Mai bidiyo daga Wunti, Bauchi)

Amsa: Lafiyar sensarka ƙalau in sha Allahu. Gwada ta a hasken rana, in layukan sun ɓace to magana ta ƙare. Wutar lantarkinmu a Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ƙwai da yawa kuma suna haskawa su dusashe sau 100 a daƙiƙa, ido ba ya kamawa amma kyamara na kamawa. Ta Amurka sau 60 take juyawa, shi ya sa kyamarorinsu ke zuwa a saite kan tsarin bidiyonsu na NTSC, firem (hotuna) 30 ko 60 a daƙiƙa da shota 1/60. Da ka kawo wannan saitin ƙarƙashin wutarmu sai wani firem ya kwashi haske da yawa wani ya kwashi kaɗan. Layukan kuma suna zuwa ne saboda sensar ba gaba ɗaya take karanta hoto ba, layi-layi take bi daga sama zuwa ƙasa, kafin ta kai ƙasa hasken ya canza.

Shiga menu ka mayar da ita PAL, tsarin da ya dace da wutarmu, firem 25 da shota 1/50, ko firem 50 da shota 1/100. Ka kwashe abin da ke memori tukuna don wasu kan nemi a goge katin in an canza. Akwai waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka kaɗai da ba su da wannan zaɓin sam, in taka irinsu ce kar ka damu, bar firem ɗin a 30 amma ka sa shota a 1/50 ko 1/100 da hannunka, kowane firem zai kwashi haske daidai da ɗan'uwansa.

Inda aikin ke ɗan wuya shi ne janareta, kuma mun san rabin bukukuwanmu a kansa ake yi. Ƙaramin janareta sai injinsa na juyi 3000 a minti yake ba da 50 ɗin cif, da an ɗora masa kaya, ga sifikun DJ ga fankoki ga firiza, sai juyin ya sauka lissafin ya goce. Nan ba wata lamba da zan ba ka, ka kalli sikirin kana matsa shota tsakanin 1/40 da 1/50 da 1/60 har ka ga inda layin ya lafa. Wasu sababbin kyamarori suna bari a matsa shota kaɗan-kaɗan don wannan matsalar, Panasonic na kiran nasu Synchro Scan. Fitilun kala-kala na DJ kuma nasu ƙyaftawar daban ce, maganinsu ka zo da fitilarka mai batir ka haska fuskokin da kanka. Masu hoto ku ma ku ji, shotar da ba ta yin sauti ita ce ta fi jawo layukan nan a hol, ku koma mai ƙarar.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ina saida atamfa da leshi da shadda kuma ina lalle, da waya nake hoto, matsalata kalar kaya tana canzawa a hoto har kwastoma ta ce ba shi ta zaɓa ba, sannan in mutum ya sa farar shadda sai fuskarsa ta yi baƙi ƙirin, ko sai na sayi kyamara ne? (Wata baiwar Allah daga Azare)

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a kasuwa. Ko kin sayi kyamara haka za ta yi miki, don duk hali ɗaya gare su. Ma'aunin hasken da ke cikinsu an gina shi ne ya mayar da komai tsaka-tsaki, ruwan toka mai mayar da wajen kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa. Da ya ga farar shadda ta cika hoto sai ya ɗauka haske ne ya yi yawa ya rage, shaddar ta koma toka-toka fuska kuma ta nutse. Ki taɓa fuskar a sikirin, alamar rana za ta fito ki ɗan ja ta sama. Mai kyamara kuma ya ƙara hasken hoton da +2/3 ko +1 yana lura kar aikin wuyan rigar ya ƙone ya ɓace. Wanda ya fi duka ki kauce wa tsakar rana, ki tsayar da mutum a inuwa bakin ƙofa ko ƙarƙashin rumfa yana fuskantar waje, wata ta riƙe miki farin kwali ko farin mayafi daga ƙasa ya mayar da haske fuska. Da hantsi ko bayan la'asar ya fi.

Zancen kala kuma, kowane haske da launinsa. Na rana wajen 5500 yake a ma'aunin Kelvin, ƙwai mai ruwan ɗorawa 2700 zuwa 3200, inuwa kuma tana ja zuwa shuɗi wajen 7000. In kin shimfiɗa leshi a shago ga ƙwai a kunne ga hasken ƙofa na shigowa, wayar ba ta san wanne za ta bi ba, sai ruwan hoda ya koma ruwan goro. Kashe ƙwan ki bar haske ɗaya, ki ajiye farar takarda a gefen kayan, in takardar ta fito fara a hoto to kalar kayan ma ta yi kusa da gaskiya. Ki kashe duk wata filtar gyaran fuska da ƙarin kala, amana ce tsakaninki da mai saye. Ni abin na damuna ƙwarai yadda ake wanke fatar mutane a editin har uwa ta kasa gane 'yarta a hoton bikinta, baƙar fata in ta samu haske mai kyau ba ta buƙatar a ƙara mata komai.

Lalle kuma kar ki kai wayar dab da hannu, babban lensin waya mai faɗi ne kamar 24 zuwa 26mm, yatsun da ke kusa sai su kumbura. Ja baya ki danna 2x. Ki goge gilashin kafin kowane hoto, man hannu kaɗai ya isa ya sa hoto hazo.

Tambaya: Malam tun da hunturu ya shigo nake ganin ɗige-ɗige baƙaƙe a hotunana musamman wajen sama, kullum wuri ɗaya, na goge lensi har na gaji ba su tafi ba. (Mai sitidiyo daga Bajoga)

Amsa: Ba a lensi suke ba Alhaji, a kan sensa suke. Ƙurar da ke gaban lensi ba ta fitowa ɗigo a hoto, iyakarta ta rage kaifi in ta yi yawa. Sa f/16 ko f/22 ka ɗauki farin bango ko sararin sama, za ka gan su ɓaro-ɓaro. Ka fara da sharar sensa ta cikin menu, in ba su tafi ba ka cire lensi ka kifa kyamarar bakinta na kallon ƙasa ka hura da robar hura iska. Ban da baki, yawu zai bi. Ban da iskar gwangwani, ban da auduga, ban da gefen riga. In kyamarar mai madubi ce a gaban sensa ka tabbata batir a cike yake kafin ka ɗaga madubin, don in ya mutu kana ciki shota za ta rufe a kan abin da ke hannunka, wannan kuma asara ce babba. Wanda ya maƙale sai tsinken goge sensa daidai girmanta da ruwansa na musamman, shafa ɗaya a jefar, in hannunka na rawa ka kai wa wanda ya saba.

Rigakafin shi ne ka daina canza lensi a fili daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shiga mota ka rufe gilashi ko ka shiga ɗaki, kyamara a kashe. Lensin zum mai fita da komawa ma iska yake zuƙa da ƙurarta, in za ka wurin hawan sallah ko kasuwar shanu ka ɗaura guda ɗaya tun daga gida ka rufa masa leda.

Tunda an zo nan bari in ƙara da na damina, don ya fi ƙura illa. Laima na sa fumfuna ta tsiro a cikin lensi, in ta daɗe tana cin rufin gilashin har ko an wanke tabon ba ya fita. Watan Agusta kar ka bar kaya a jakar fata ko cikin durowa, nemi roba mai murfi da ba ta shan iska ka zuba ƙullin silika, irin wanda ke zuwa a kwalin takalmi amma da yawa, laimar ciki ta tsaya tsakanin kashi 40 da 50. Lokacin bazara kuma kar a bar kyamara a mota a rufe.

Tambaya: Yallaɓai za mu je Yankari da 'yan ajinmu, ina da Nikon D3500 da 70-300, zai isa in ɗauki giwa? (Ɗalibi daga Yelwa, Bauchi)

Amsa: Zai isa ƙanena. A Nikon ɗinka da 1.5 ake ninkawa, 300 zai yi maka kamar 450. Abin da za ka kiyaye shota ce, kar ta sauka ƙasa da 1/500, in dabba na tafiya ko tsuntsu ne 1/1000, ka bar ISO ya hau abinsa, hoto mai ɗan yashi ya fi wanda ya dame. In lensin na da VR, mai rage girgiza, ka kunna, amma ka sani rawar hannunka kawai yake gyarawa ba motsin dabba ba. Ɗura gero ko wake a ɗan buhu ka ɗora a tagar mota ka kwantar da lensin a kai, ka roƙi direba ya kashe inji in an tsaya. Fitar sassafe ko ta yamma za ka bi, da rana ta take zafin da ke tashi daga ƙasa yana sa abin da ke nesa ya yi ta rawa, ko lensin nawa ne ba ya maganin wannan. Da rani an fi ganin dabbobi don ciyawa ta bushe suna taruwa wajen kogin Gaji. Ganin giwa dai rabo ne, ka bi maganar jagora kar ka sauka don neman kusanci. A sansanin Wikki kuma ka riƙe jakarka gam, gwaggon birin wurin ba sa tsoron mutane.

Tambaya: Malam ina da lensunan Canon EF guda uku, ina son komawa kyamara marar madubi, shin sun tashi aiki kenan? Sannan me zan duba in zan sayi lensi na hannu? (Wani daga Kumo)

Amsa: Ba su tashi aiki ba. A tsarin EF tazarar bakin kyamara zuwa sensa milimita 44 ce saboda madubin da ke tsakani, a tsarin RF na marar madubi da Canon ya fitar a 2018 kuma 20 ce. Adaftar EF-EOS R cike gurbin milimita 24 ɗin nan kawai take yi ta haɗa wayoyin, babu gilashi a cikinta, don haka ba ta rage kyan hoto kuma fokas na aiki. Akasin haka ne ba ya yiwuwa, lensin RF ba ya hawa tsohuwar kyamara. Masu Nikon ku kula, irin wannan adafta taku, FTZ, ba ta juya fokas ɗin tsofaffin lensunan AF-D, haka ma D3500 da 'yan uwanta, da hannu za ku riƙa yi.

Na hannu kuma ka je da kyamararka da tocila, kar ka yarda da "ai lafiyarsa ƙalau". Buɗe murfi biyun ka haska ta baya kana leƙawa ta gaba, 'yar ƙura ba komai ba ce kowane lensi na da ita, amma in ka ga farin zare-zare ko hazo ka ajiye masa kayansa komai arharsa. Murza zoben zum da na fokas ka ji ko suna cijewa, duba bakin ƙarfen ko ya lanƙwashe alamar ya taɓa faɗuwa. Sannan ka manna jarida a bango ka tsaya saitinta sosai ka ɗauka ƙofar hasken a buɗe gaba ɗaya, ka sake a f/8, ka zuƙo kusurwa huɗun a sikirin. In gefe ɗaya ya fito tas ɗayan ya dushe to gilashin ciki ya goce daga mazauninsa, gyaran kuma sau da yawa ya fi kuɗin lensin.